Gyaran da Kawu Bai Sa wa Hannu Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya koma wata ranar Talata da damina ta yi nisa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Washegari tabarmi suka cika ƙofar gidansa a Lamashegu har suka tare hanya. Masu yalo-yalo, kekunan hayan nan masu ƙafa uku, suna zagayawa ta bayan masallaci suna mita, in suka ji ko wane ne ya rasu sai su kashe inji su sauko su yi gaisuwa.

Kowa da irin Kawun da ya zo yi wa addu'a. Tsofaffin ɗalibansa na kwalejin horon malamai, wasu har da furfura, suna tuna yadda yake jifan allo da alli in aka ba shi amsa ba a nuna hanya ba. Dattawan zango suna cewa an rasa mutum na ƙarshe da ya san sunan unguwar kakanninmu fataken goro a Kano. Abokinsa mahauci, wanda suka yi makarantar allo tare, ya share ido da gefen rawani ya ce:

"Mutumin kirki ne, sai dai akwatin nan ya cinye masa ido. Kullum ƙwas-ƙwas-ƙwas. Na ce, Masta, me kake sayarwa a ciki? Ya ce ba komai. Me kake saye? Ba komai. To, Allah ya jiƙansa."

Aka yi 'yar dariyar da ake yi a gidan makoki, wadda ba ta kai haƙori. Ni ban yi ba. Wayar Kawu tana cikin jakata, tana ta ƙugi tun jiya, kuma na san su wa ke nemansa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Da na shiga ɗakin da matarsa ke zaman takaba, wayar ta sake motsi. Mma muke kiranta. Badagombiya ce daga Gumani, Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da raba mace da namiji.

"Tica, wannan abu yana kuka tun jiya. Su wa ne?"

"Abokan aikinsa ne, Mma. Na cikin kwamfuta."

"Sun ji?"

"Ba su ji ba."

"Kai! Mutum ya rasu, maƙwabta ba su ji ba? Mun aika Gumani, mun aika Yendi, mun aika Kumasi. Ka je ka gaya musu. Ba kyau."

Na ce to. Amma ban je ba a ranar, ban je ba washegari. Tsoro nake ji, kuma dole in faɗi dalili.

Akwai wata manhajar lissafi da masu bincike a aljabra da jometiri suke amfani da ita a jami'o'in duniya. Ba kamfani ne ya yi ta ba, ba kuma mallakar kowa ba ce. Rubutunta a buɗe yake a intanet, kowa na iya karantawa, ya ɗauka, ya kawo gyara. Kowane sashe da mai riƙonsa. Kawu ne ke riƙe da wani ɗan sashe da aikinsa ɗaya ne: a ba shi lissafin layuka biyu, miƙaƙƙu ko masu lanƙwasa, ya ƙirga wurare nawa suke haɗuwa. Doka ɗaya ce ta ɗaure mutanen nan da ba su taɓa haɗuwa ba. Ba wanda ke shigar da gyaransa da hannunsa, sai wani ya duba ya sa hannu.

A farkon shekarar aka sake ginin tushen manhajar, sashen Kawu ya daina aiki da sabon tushe. Aka sanar cewa duk sashen da ba a daidaita ba kafin sabon bugu ya fita, ko wanda ba shi da mai riƙo, cire shi za a yi. Idon Kawu ya yi rauni, sai ya ce ni in yi gyaran, shi ya duba. Na yi, na tura. Safiyar ranar da zai rasu ya rubuta amsa a ƙarƙashin gyaran, da Turanci don kowa ya karanta. Ga ma'anarta: "Aiki ya yi kyau. Amma akwai wuri ɗaya da ban yarda da shi ba. Kada a shigar tukuna. In na dawo daga gona zan nuna."

A gonar ya faɗi, can Gbalahi, cikin gyaɗarsa. Har rai ya yi halinsa a asibiti bai sake magana ba. Ya tafi da wurin nan ɗaya a cikin kansa, ya bar ni da gyaran da na san akwai kuskure a ciki amma ban san ina ba. In aka shigar da shi haka, ƙarya za ta fita duniya da sunan Kawu. In ba a shigar ba, za a cire aikin da ya ƙarar da idonsa a kai. Wayar da ke ƙugi kuwa saƙonni ne daga shafin aikin, ana tambayarsa ko ya dawo daga gonar.

Kawu bai shiga harkar nan da ƙuruciya ba. Yana dab da ritaya ne ya sauko da manhajar a wani shagon intanet kusa da kasuwa, lokacin da sai ka sha shayi ka dawo kafin shafi ɗaya ya buɗe. Ya ba ta wani lissafi da ya riga ya yi da alli, ta ba shi amsa daban. Wani da sai ya zargi kansa. Kawu manhajar ya zarga. Ya rubuta musu wasiƙa doguwa mai gaisuwa uku a sama, ya koma gida yana jiran a yi masa shiru. Ina tsakar gida ina wanki ya shigo da kekensa, ko jingine shi bai yi ba.

"Kin ji mutanen nan? Sun ce gaskiyata. Sun ce in gyara! Ni! Ko fuskata ba su sani ba, ba su tambayi ɗan wane ne ni ba."

Daga ranar ya sa musu suna maƙwabta. In ya idar da sallar asuba ya sha koko da ƙosai, sai ya ce bari ya leƙa maƙwabta. Ya zauna a baranda, kwamfuta a kan ɗan teburi, baƙin allo a bango. Komai sai ya fara yi da alli kafin ya bari na'ura ta yi. In wuta ta ɗauke bai taɓa tsaki ba, sai ya juya kujera ya fuskanci allo. Mu ne masu tsakin, saboda in babu wuta mu yake tarawa ya yi wa darasi.

Maganarsa ɗaya ce duk gidan ya haddace: "Ina gwajin?" A al'adar aikin, mai kawo gyara yakan haɗo da gwaji, wato ɗan misalin da aka san amsarsa, don na'ura ta riƙa maimaita shi tana tabbatar ba a ɓata komai ba. Kawu ya ɗauko wannan ya shigo da shi rayuwa. Makanike ya ce babur ya gyaru, ina gwajin? Ka ce ka iya hadda, ina gwajin? Ranar da wanda zan aura ya zo gaisuwa ya ce shi mai haƙuri ne, Kawu ya buɗe baki, Mma ta taka masa ƙafa. A shafin aikin ma, in ya gaji da Turanci, da Hausa yake rubuta kalmomin nan biyu, har maƙwabtan suka gane ma'anarsu ba tare da an fassara ba.

Ya yi min wannan tambayar sau ba adadi, kuma ba ko yaushe nake jin daɗinta ba. Ni mai saurin fushi ce, shi mai saurin gano inda ka yi ha'inci. Amma akwai wata rana a gonar Gbalahi da ba na mantawa, ina firamare. An gama huɗa, ya tsayar da ni a bakin gona ya nuna kunya biyu da suka miƙe kafaɗa da kafaɗa.

"Waɗannan za su haɗu?"

"A'a, Kawu. Tica ya ce irinsu ba sa haɗuwa."

"Duba can, wajen kaɗanyar nan."

Na duba. Can nesa sun matse sun zama ɗaya. Na ce ido ne ke ruɗi na.

"A aji haka za ki rubuta ki ci jarrabawa. Amma a lissafin manya akwai wuri can ƙarshen gani da muke cewa sun haɗu, kuma ana ƙirga shi. Wanda ya manta da shi ƙirgarsa ba ta cika ba."

Na ce ya kai ni in gani. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce ba a zuwa da ƙafa, in ɗauki kwandon mu tafi.

Cikin maƙwabtan akwai wani malamin jami'a a Turai da Kawu ya raɗa wa Sarkin Gaggawa. Ya taɓa kawo wata sabuwar hanya da ta ninka ta Kawu sauri, ya nemi a maye gurbin tsohuwar. Kawu ya ƙi sa hannu. Lokacin ina karatu a Kumasi, hutu kawai nake zuwa, don haka ban san kan rigimar ba, ɓarinta kawai na gani a gida. Tuwo ya huce a kwano, Kawu yana kai da kawowa a tsakar gida da zani a kafaɗa.

"Sauri! Sauri! Amsar ba daidai ba ce, yana ce min ta fito da wuri!"

"Masta, ka ci abinci," in ji Mma. "Mutumin nan ba ya ji ka."

"Zai ji. Gobe zai ji."

Wata da watanni suna yi. Wasu maƙwabtan suka shiga tsakani, wasu suka gudu. Ƙarshe Sarkin Gaggawa ya janye hanyarsa, bai ce a yi haƙuri ba, Kawu ma bai ce ba. Daga nan ba wanda yake tsananta wa aikin Kawu kamarsa, ba wanda yake tsananta wa nasa kamar Kawu. Da wani ɗalibi zai tafi ƙasar Sarkin Gaggawa, Kawu ya je kasuwa ya zaɓi batakari mai kauri, rigar saƙin nan ta wajenmu, ya aika masa. Hoto ya dawo: wani dogon tsoho fuska a murtuke, ya ɗora batakari a kan rigar sanyi, ya tsaya cikin dusar ƙanƙara. Kawu ya kalli hoton ya ce ko sa riga bai iya ba, ya kuma manna shi a bangon baranda.

Akwai kuma wata ɗaliba daga Kudancin Amurka da ta kawo gyaranta na farko, wani ya yi mata ba'a a fili har ta ce ta fasa. Kawu ya bi ta da saƙo. Ya yi makonni yana bin aikinta layi-layi, bai rubuta mata ko harafi ɗaya na gyaran ba, tambaya kawai yake yi har ta gano da kanta. Yanzu tana cikin manyan masu riƙon manhajar. Da data ɗin da Mma ke cewa ya fi cefane ciwo ya yi wannan.

Bayan sadakar bakwai Mma ta sake tambayata. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba, ta dube ni ne kawai. Na je baranda na buɗe kwamfutarsa. A wurinmu rasuwa da ƙafa ake kai ta, a yi sallama, a zauna, a fara da gaisuwa. Mutanen nan ba su da zaure. Ƙofar da kowa zai gani ita ce shafin da ake kai ƙarar kuskure, inda Kawu ya fara shiga da wasiƙarsa. A nan na rubuta cewa ya rasu, ni ce 'yarsa mai gyaran nan, kuma bai kai ga nuna min wurin ba.

Kafin azahar gaisuwa ta fara sauka, daga garuruwan da ko a taswira sai na nema. Na riƙa fassara wa Mma. Wani ya ce da sashen Kawu ya kammala digirinsa. Wani ya ce shekara da shekaru yana zaton saurayi ne, saboda yawan tambayarsa. Mma tana jan carbi tana cewa "Naa, naa," yadda ake amsa gaisuwa a yarensu, kamar suna durƙushe a gabanta. Mahaucin nan da ya leƙo ya ji, sai ya tambaya ko duk waɗannan sun san Masta ba ya cin ganda.

Sai tsohuwar ɗalibar nan ta rubuta abin da na fi tsoro. Ta ce duk gwaje-gwajen da ke akwai sun wuce lafiya, lokaci ya ƙure, don girmama shi a shigar da gyaran haka, ita za ta sa hannu. Mutane suka bi ta da amincewa. Alheri suke nufi, na sani.

Na maimaita gwaje-gwajen nan har na daina ƙirgawa. Duk kore suke fitowa, alamar lafiya, kuma koren nan ya fi ja tayar min da hankali. Na karanta gyarana daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama. Na je allon baranda ko ya bar wani abu, na tarar feshin ruwan sama ya wanke shi tas. A aji na rubuta lissafi ba daidai ba, yara suka yi ta kallon juna. Rannan a kan babur na wuce kwanar gidanmu, ban farga ba sai a hanyar Gumani. Wata zuciyar tana ce min ƙila ƙaramin abu ne, ƙila sunan wani abu ne bai yi masa ba, Kawu ai ba ya rasa abin cewa. Wata tana ce min bai taɓa rubuta "kada a shigar" a kan ƙaramin abu ba. Har haushinsa na ji, Allah ya yafe min. Layi ɗaya ya gagare ka, Kawu? Gyaɗar guduwa za ta yi?

Na kusa cewa to. Na ma rubuta godiyar, yatsana yana kan maɓallin turawa, sai ga sabon saƙo. Sarkin Gaggawa ne, wanda tun da aka fara gaisuwa bai ce uffan ba. Bai yi ta'aziyya ba. Ya danna alamar hana shigarwa, ya rubuta da Hausa:

"Ina gwajin?"

Jini ya hau min ka. Na miƙe tsaye ina faɗa wa bango cewa wannan tsoho ba shi da tarbiyya, an yi mutuwa yana neman gwaji. Hotonsa na gabana da batakarin Kawu a jikinsa, saura kaɗan in yage shi. Sai saƙo na biyu ya shigo, da Turanci. Ya ce: "Shekarun baya ya kayar da ni da misali ɗaya. Na sha gaya masa ya rubuta shi cikin gwaje-gwajen, yana cewa wannan ai a yatsunsa yake, da shi yake fara duba kowane gyara. Ban ga an rubuta ba har yau. Ki gwada gonarsa, haka yake kiran misalin."

Na zauna. Na ba manhajar layuka biyu miƙaƙƙu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, abin da 'yar aji ɗaya za ta iya rubutawa. Na danna.

Sifili.

Gyarana ya zubar da wurin nan na ƙarshen gani. Duk ƙirgar da ta shafe shi da ta fito a tauye, kuma ba gwajin da zai yi ihu, domin gwajin yana yatsun mutumin da muka binne. Na kifa kaina a teburinsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Mma ta fito da sauri tana tambaya wa ya sake rasuwa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Sarkin Gaggawa ne ya ɗauki lokaci. Ya mayar min da shi ya sake mayarwa, har na gane dalilin da tuwon Kawu yake hucewa. Na rubuta misalin kunyoyin cikin gwaje-gwajen, inda ruwan sama ba zai wanke ba. Da ya sa hannu, sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: batakarin yana nan, shi yake sawa in zai duba aikin da yake jin tsoro. Ta'aziyyarsa ke nan, kuma na karɓa.

Sashen ya shiga sabon bugu. Sharaɗin shi ne a sami mai riƙo, don haka da hannuna na cire sunan Kawu daga wannan gurbin na sa nawa. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Ban san misali nawa suka rage a yatsunsa da ba wanda ya sani ba. Duk safiya in na buɗe shafin ina tsoron kada wani ya kawo gyara in duba in ce ya yi, alhali bai yi ba.

Ranar sadakar arba'in, bayan an raba goro da masa mutane sun watse, Mma ta same ni a baranda. Ta ja kujerarsa ta zauna, karo na farko tun rasuwar.

"Tica, nuna mini abin da ya hana shi cin tuwo."

Na zana mata kunya biyu a allo, na ce waɗannan a nan ba sa haɗuwa, duk tsawon gonar. Na ce yanzu za mu tambayi na'urar sau nawa suke haɗuwa. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin, na danna.

"Me ya ce?"

"Ɗaya, Mma."

"Ina?"

"Can ƙarshen gani. Kawu ya ce ba a zuwa da ƙafa."

Ta daɗe tana kallon lambar. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "To. In shi ya duba, daidai ne."

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sauƙaƙa maka tambaya, kai da ka tambaye mu har muka gaji. Mu da muke tafe a gefenka ba mu ganinka, Allah ya cika mana wannan ƙirgar, ya haɗa mu can ƙarshen gani.